Bangon Alisabatu

Duk wanda ya zauna a benenmu na unguwar Morrisania a Bronx ta Amurka daga shekarar tamanin da takwas zuwa tsakiyar casa'in ya san cocin ƙauyen su Yosiya, ko da bai taɓa taka Filato ba. Ni Musulma ce, Bakanuwa, amma da za a ɗaure mini ido a ajiye ni a ƙofar cocin nan, zan kai ka har gaban bagadi ban yi tuntuɓe ba. Yosiya ne ya cusa mana shi a ka, a kan matakala, a ɗakin wanki, a wajen suna, har a layin sayen nama.

Direban bas ne a Staten Island. Kullum sai ya keta birnin nan daga sama har ƙasa a jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya hau feri, jirgin ruwan fito, ya tsallaka St. George, sannan ya karɓi motarsa. Matarsa Rifkatu nas ce, asibitinmu ɗaya, kuma ƙofarsu tana kallon tamu. 'Yarsu ɗaya, Faith, sa'ar Sharifata ce. Shi dogo ne, baƙi, mai sanyin magana, irin mutumin da ko ka taka shi, shi zai ba ka haƙuri. Aibinsa ɗaya ne a wurina. Ka ce masa ina kwana, kafin ku rabu sai ya kai ka Filato.

"Baban Faith," nakan ce masa, "tuwona yana kan wuta. Yau a bar cocin nan ya huta."

Sai ya yi dariya ya ce, "Maman Sharifa, two minutes kawai." Tuwo kuwa ya sha kamawa.

Ga yadda cocin yake. Kakanninsa ne suka gina shi, zamanin da Turawan kuza suke haƙa a yankinsu. Harsashinsa baƙin dutse ne da maza da mata suka ɗauko a ka daga gindin tsauni. Daga ƙugu zuwa sama jar ƙasa ce, kaurin bangon ya kai yaro ya kwanta a taga ya yi barci, kuma Yosiya ya ce ya sha yi. Tagogin 'yan sirara ne saboda sanyi. Babu benci, sai dakali na ƙasa jere-jere, wanda zaman mutane ya goge har yana ƙyalli. Ƙofar gajeriya ce, dole kowa ya sunkuya, har Baturen mishan. Ƙararrawarsu guntun ƙarfen titin jirgi ne da aka rataya a bishiya. Kerana ta kewaye harabar saboda awaki.

Amma ba ginin ne yake sa muryarsa ta sauya ba. Zanen cikin ne. Mahaifinsa, Chollom, ya yi yaron magini a wurin wani ɗan Italiya da ke yi wa kamfanin kuza gidaje. A wurinsa ya koyi zane a kan ɗanyen yaɓe. Za ka shafa farin yaɓe daidai inda za ka iya gamawa a yinin, ka yi zanenka tun bai bushe ba, sai launin ya shige cikin bangon ya zama jikinsa. Ba a gogewa, ba a gyarawa. Launukansa jar ƙasa ne, da gawayi, da rawayar laka ta bakin rafi, da bular wanki. Da farko Baturen mishan ya ɗaure fuska, wai kada a koma bautar gumaka. Dattawa suka ce masa mutanensu ba su iya karatu ba, a bar bango ya karanta musu.

Chollom bai taɓa ganin Bayahude ba, saboda haka mutanen ƙauyen ya zana a matsayin mutanen labaran littafinsu mai tsarki. Masu kamun kifi 'yan unguwarsu ne. A wurin ciyar da dubban mutane, kwandunan cike suke da acca. Maƙerin garin ya fito a matsayin mai karɓar haraji, kuma har ya mutu bai yafe ba.

A bangon arewa, tsakanin taga ta biyu da ta uku, akwai mace a bakin rijiya, da tulu a ƙugu, da zane shuɗi. Wannan ita ce Alisabatu, mahaifiyar Yosiya. Ta rasu wurin haihuwar ƙanensa Dachung, lokacin shi Yosiya bai fi shekara biyar ba. Ba ta taɓa tsayawa gaban mai hoto ba. Bayan an yi mata kabari, Chollom ya rufe kansa a coci ya zana ta, da wushiryarta, da ɗan tabon da ke ƙasan idonta inda ƙahon akuya ya taɓa ta tana yarinya. Daga nan bai ƙara zana komai ba.

"Ni ban tuna ta da rai ba," in ji Yosiya. "Abin da na sani, duk Lahadi ina zama a dakalin da ke gabanta. In na yi rashin ji a mako, ba na iya ɗaga kai."

Wannan kaɗai ne wurin da ba na tsokanarsa. Ni ma uwata ta rasu, amma hotonta yana cikin jakata, ina duba shi duk sanda na so.

Tun Faith tana rarrafe yake cewa kakarta ce ta dawo. Goshin, idon, har wushiryar da ta fito daga baya. Yarinyar takan juya ido ta ce, "Daddy, you say that every day." Shi kuwa burinsa ɗaya ne a duniya, ranar da takardunsu za su kammala ya ɗauke ta ya kai ta ƙauye, ya tsayar da ita a jikin bangon nan, ya ja da baya ya kalli su biyun. Na tambaye shi me ya hana shi ɗaukar hoton zanen kafin ya taho. Ya ce ya gwada sau ɗaya, cikin cocin duhu ne, hoton ya fito baƙi ƙirin. Ya ce ai bango ba ya tafiya ko'ina, zai jira shi.

A casa'in da biyu labari ya zo cewa kwanon rufin ya ruɓe, ruwa yana bin bangon arewa. Mutumin nan ya rikice. Ya shiga karɓar aikin ƙarin lokaci, Asabar da Lahadi ba hutu, har Rifkatu ta fara ƙorafi. Ya bi 'yan zumuntarsu na Bronx da Brooklyn gida-gida. Har mijina Rufa'i, da yake ladanci a masallacinmu, sai da ya sa hannu a aljihu, ya ce ruwa bai san coci da masallaci ba. Yosiya ya aika wa Dachung kuɗin, wanda a lokacin shi ne sakataren ikilisiya, ya ce a sauya rufi. Don kada a ce bai isa ba, ya aika fiye da abin da rufi yake bukata. Ya kuma haɗa da hotunansa da Faith a cocin da suke zuwa a nan, mai farin bango fes da fitilu.

Bayan kusan shekara biyu wani ɗan garinsu ya zo da kaset na bidiyon bikin buɗewa. Kaset ɗin gida ba ya yi a na'urar nan sai an juya shi, saboda haka Yosiya ya kai wa Yaw, wani ɗan Kumasi mai shago a Canal Street. Ranar Lahadi da rana ya tara mu a falonsa. Rifkatu ta yi gwate da masa, ni na kawo zoɓo. Ya zaunar da Faith a gaba, dab da talabijin.

"Ki buɗe ido," ya ce mata. "Yanzu akwai wutar janareta, za ki gan ta clear."

Aka fara da 'yan zumuntar mata suna rawa da anko. Sai ga coci. Sabon kwano yana walƙiya, falon ya ɗauki tafi. Na lura an faɗaɗa ƙofar, ba mai sunkuyawa. Mai ɗaukar hoton ya bi fasto zuwa ciki. Benci ne sababbi a inda dakali yake. Bango kuwa, daga ƙasa har sama, dama da hagu, sumul yake da siminti, an shafe shi da farin fenti mai ƙyalli, an ja shuɗin layi a gindi. A tsakanin taga ta biyu da ta uku an rataya agogon bango, a ƙarƙashinsa an kafa allo da sunan Yosiya da manyan haruffa, ana gode masa.

Waɗanda ba su san zancen ba suka ci gaba da tafi. Mu da muka sani muka daina. A cikin talabijin Dachung ya matso yana murmushi har kunne, yana cewa, "Yaya, ka gani? Kamar naku na Amurka."

Faith ta waiwayo ta ce, "Daddy, where is she?"

Ya ajiye kwanon gwatensa a ƙasa a hankali, ya tashi ya shiga banɗaki ya kunna famfo. Mun daɗe muna jin ruwan yana zuba. Ni dai na sha ganin mutuwa a wurin aiki, amma ranar nan sai da na fita matakala na yi kuka.

Na so a ce akwai mugu a zancen nan, in samu wanda zan zaga. Babu. Da Yosiya ya yi waya da ƙanensa, Rifkatu ta ce tana jin muryar Dachung yana rantsuwa cewa don ya faranta masa ya yi. An gama rufi, kuɗi ya ragu, su kuma ba za su ci amanar abin Allah ba. Maƙwabtan ƙauyuka sun daɗe suna kiransu masu cocin laka. Zanen ya dushe, yara ma tsoronsa suke ji. Dattawa suka zauna, aka zagaya da hotunan da ya aiko, aka ce ga irin abin da ɗanmu yake so. Dachung ya ce, "Yaya, kai ka san ta. Ni tunda na yi wayo, in na shiga coci matar da na kashe nake gani tana kallona." Yosiya ya ajiye waya. Garin neman gira aka rasa ido.

Watanni ya yi kamar wanda aka zare wa laka. Yana zuwa aiki, yana dawowa, gaisuwa daga baki sai hanci. Tuwona ya daina kamawa, ban kuwa ji daɗin haka ba.

Sai wata rana da bazara ya ƙwanƙwasa mana ƙofa da kayan aikinsa a jiki, idonsa yana haske. Ashe a ƙarshen layin bas ɗinsa, can cikin tsibirin na Staten Island inda birni yake ƙarewa a koma kamar ƙauye, akwai wani tsohon ƙaramin coci na dutse da 'yan Italiya masu fasa dutse suka gina wa kansu. Ya yi shekara da shekaru yana juya mota a gabansa bai taɓa shiga ba. Ranar ya ga ƙofa a buɗe, an kafa katakon hawa. Ya leƙa, ya tarar da wata dattijuwa, Misis Katarina, a sama da 'yar wuƙa irin ta tiyata da auduga, tana kankare farin bango. A ƙarƙashin farin, hannun mutum yana fitowa, da yatsu biyar cif.

"Maman Sharifa, su ma an shafe musu," ya ce. "Tun kafin a haife ni aka shafe. Ga shi yana fitowa. Ta ce in dai a ɗanyen yaɓe aka zana, colour ɗin yana ciki, ba ya mutuwa."

Daga ranar ya zama ɗalibinta. Duk hutun da yake samu a ƙarshen layi a can yake cinye shi, yana riƙe mata fitila, tana nuna masa yadda ake kwantar da wuƙa, yadda ake jiƙa wuri, yadda ake haƙuri. Sau ɗaya ya matsa sai da muka bi shi ni da Rifkatu, muka hau feri iska tana neman tafiya da mayafina. Na tsaya daga bakin ƙofa na leƙa. Wuri ne ɗan ƙarami mai sanyi, rufinsa a lanƙwashe kamar bakan gizo, rabin bango fari, rabi cike da mutane masu jajayen kumatu da suka yi kama da masu sayar da kayan miya na unguwar. Dattijuwar ta ja ni gefe ta ce ta faɗa masa gaskiya, nasu farar ƙasa aka shafa, nasa siminti ne, kuma siminti ba shi da mutunci. Ta ce yana jin ta, amma ba ya saurara. Na so in ƙara masa da nawa, na ga yadda yake shafa bangon nan da bayan hannu, na haɗiye.

A falonsa ya yi gwaji. Ya samo allon katako ya yaɓa, ya yi zane, ya rufe da siminti, ya bari ya bushe, ya zauna yana ɓamɓarewa. Rifkatu ta gaji da shara. Wani lokaci zanen ya fito, wani lokaci ya biyo simintin. In ya fito, har gidanmu yake kawowa mu gani.

Takardu suka fito a casa'in da shida. A Disambar shekarar ya ɗauki Faith, tana da shekara goma sha ɗaya, da akwati guda na wuƙaƙe da auduga da burushi da Misis Katarina ta haɗa masa, suka tafi. Rufa'i ne ya kai su filin jirgi. Ya ce tun daga Bronx har can mutumin nan waƙar coci yake yi.

Da suka dawo bai ce wa kowa komai ba. Daga bakin Faith muka ji, tana ba Sharifa labari da Turanci a kicin ɗina, ni ina yanka albasa ina saurare.

Dattawa sun ba shi izini. Dachung da kansa ya sauke agogon da allon. Yosiya ya auna daga taga, ya auna daga ƙasa, ya zana ɗan murabba'i daidai inda fuska take, ya fara. Yini guda yana cire siminti kamar mai cire ƙaya daga ƙafar jariri. Da ya kai ƙasa, babu farin yaɓe. Jar ƙasa ce kawai, duk ramuka. Ya matsa gefe ya sake buɗewa, haka. Ya sauka inda zane shuɗi yake, haka. Aka kira Gariba, birkilan da ya yi aikin. Mutumin ya zo da hularsa a hannu ya ce, "Ranka ya daɗe, ai siminti ba ya kama bango mai santsi. Dole sai an sassare tsohon yaɓen da diga tukuna. Haka ake yi ko'ina." Aka tambaye shi ina ɓaraguzan. Ya ce da su aka cike ƙasa kafin a zuba daɓen siminti. A kansu ake tsayawa ana waƙa.

Faith ta ce babanta ya zauna a sabon benci yana kallon ramukan, baffanta Dachung ya durƙusa a gefensa yana kuka, baban nata ne ma yake shafa masa kai. Washegari ya ɗauke ta suka shiga gari neman wanda ya san Alisabatu da rai. Duk sun mutu, sai wata tsohuwa guda da suka yi 'yanmatanci tare, ita kuma ta makance. Ya durƙusar da Faith a gabanta. Tsohuwar ta shafa goshin, ta shafa hancin, ta shafa kumatun, ta daɗe. Sannan ta ce, "Yarinya kyakkyawa. Amma ɗana, lokacin da nake tare da uwarka ina da ido. Ban taɓa shafa fuskarta ba. Hannuna bai san ta ba."

Ya koma bakin aikinsa. Ya roƙi a sauya masa layi, aka sauya. Akwatin wuƙaƙen a ƙauye ya baro shi. Bai ƙara cewa Faith ta yi kama da kowa ba, kuma yarinyar da take juya ido a da, na sha ganin ta tsaya a gabansa da gangan tana murmushi don wushiryar ta fito. Sai ya shafa kanta ya wuce. Rifkatu ta ce ya sayi takarda da fensir yana gwada zana fuskar, duk wadda ya zana Faith ce take fitowa, sai ya yayyaga. Ya ce mata yanzu bai sani ba, ko yarinyar ta yi kama da uwarsa, ko kuwa shi ne ya daɗe yana kallon yarinyar har ta maye wurin.

Wata Asabar da hantsi na same shi zaune a matakala, ina dawowa daga kasuwa da ledoji. Na gaishe shi zan wuce, ya ce, "Maman Sharifa, two minutes."

Na ajiye ledojin. Raina ya yi fari, na ɗauka cocin zai dawo.

"Na sha ba ki labarin tabon da ke fuskar mamana. Wane ido na ce miki?"

"Hagu," na ce. "Ƙasan idon hagu. Ka faɗa ya fi a ƙirga."

Ya gyaɗa kai. Ya ɗaga yatsa ya taɓa ƙasan idonsa na hagu, ya tsaya, ya mayar da yatsan ƙasan na dama.

"Hagunta," ya ce, "ko hagun wanda yake zaune yana kallon ta?"

Bai taɓa faɗa ba, ni ma ban taɓa tambaya ba, don ba wanda ya zaci za a bukata. Ya jira ni, yana kallon bakina kamar yaron da aka aika ya manta saƙo. Da ya ga ba abin da zai fito, ya ce ba komai, ya tashi ya ɗaukar mini ledojin har ƙofa.